Ranar da Mai Fura Ta Tsallake Ekaran

Na iya karatu ne da furfura a goshina, saboda haka kada kowa ya zo yana gyara mini zance. Lokacin da sa'o'ina ke tafiya lakwal, makarantar boko, ni ina ɗinke wa ubana buhunan gero na ayarin Fachi. Daga nan aure, daga nan goyo, daga nan wani goyon. Sai da ɗana na fari ya tsayar da gemu sannan na ɗauki alli, a ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu nan Agadas. Ban ji kunya ba. Kunya tana wajen wadda ake karanta wa takardar likita a gaban maƙwabta.

Malaminmu wani siriri ne mai gilashi, Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci. Mutum ne mai haƙuri, don duk wanda ya koya wa sa'o'in uwarsa baƙaƙe bai kamu da hawan jini ba, a jinjina masa. Bayan mun iya rubuta sunayenmu ba tare da mun ciji harshe ba, sai wani porje na masu agaji da ya tashi daga garin ya bar wa ƙungiyarmu ordinater, wato kwamfuta. Tsoho ne tukuf. Kashi uku ne: akwatin da ke gurnani a ƙasa, da kilabiye da ake dannawa, da ekaran, wato telen da rubutu ke fitowa a fuskarsa. Ba irin na yanzu ba ne mai kaurin faifai. Wannan mai ƙeya ne, ƙeya kamar tulu, sai mata biyu sun yi nishi suke ɗaga shi. Porjen ya bar mana shi amma ya kwashe teburansa, sai muka ɗora shi bisa wani ɗan benci gajere, mu kuma mu zauna a tabarma gabansa, gwiwa tana gogar benci.

Ekaran ɗin nan majinyaci ne tun zuwansa, mu kuwa duk mun yi renon yara, ba a koya mana duba majinyaci. Ranar da fuskarsa ta koma rawaya muka ce shawara ce. Mushe ya leƙa bayansa ya ce igiya ce ta yi sako-sako, ya ɗaure ta da roba, shawara ta warke. In kuran, wutar lantarki, ya yi rauni sai hoton ya tsuke, ya rame ta kowane gefe, mu ce tamowa. In an matso da bantilater, wato fanka, kusa da shi sai ya kama makyarkyata, mu ce masassara. Wata rana wata mai son kwalliya ta lulluɓe shi da leshi, ta toshe masa ƴan ramukan da yake shaƙar iska, ana cikin karatu ya suma. Mushe ya yaye leshin, muka yi ta yi masa fifita har ya farfaɗo. In kuwa ya ɗauke gaba ɗaya ba dalili, akwai wani wuri a kumatunsa na hagu da ake mari. Ni aka bar wa wannan aikin. Hannuna bai taɓa ba ni kunya ba.

Duk waɗannan cututtuka mun san kansu. Wadda ta gagare mu ta zo ne tare da mai fura.

Mai furar nan ba ƴar gari ba ce. Daga ƙasar Damagaram ta biyo ɗanta, mai haƙar zinariya, shi ya wuce daji wajen Jado ya bar ta a wani ɗaki kusa da gidana. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Kullum da hantsi takan ɗauki ƙwaryarta ta zauna a ƙofar injin da ake niƙa duwatsun zinariya, masu haƙa da ƴan injin su sha su ƙoshi. Da wannan ƙwarya take ci, da ita take sha, ba ta da wani abu bayanta. Ni na ja ta aji, don na gaji da karanta mata saƙon ɗanta a salula. Na ce, “Yaya, idonki biyu kamar nawa, zo ki wahala yadda na wahala.”

Idon nata kuwa ba kamar nawa ba ne, ba ya gani nesa. Ranar da layi ya zo kanta na zama gaban ordinater, sai ta ja gindi ta matsa, ta ƙara matsawa, har cikinta ya kusa taɓa gilashin. Sai muka ga gindin ekaran ya fara rinewa. Wajen da yake fari ya koma shunayya, kamar wuyan Ba'abzinen da ya kwana da sabon turkuɗi. Gefe guda kore, gefe guda ja. Baƙaƙen da Mushe ya jera a miƙe suka karkato wajenta kamar awaki sun ga dusa. Ta gyara zama, launin ya gyara zama. Ta karkata dama, ya bi ta dama.

Mushe ya ce, “Bon. Igiya ce.” Ya ɗaure igiya, ya kwance, ya sāke wata. Ba igiya ba ce. Ya danne duk maɓallan da ke ƙarƙashin haɓar ekaran ɗin, hoton ya yi faɗi, ya yi tsawo, ya koma kamar ganga, launin yana nan. Aka kashe bantilater. Na yi marina na kumatun hagu, na ƙara da na dama don kada ya ce an yi son kai. Yaya ta tashi ta koma wurinta, amma tabon bai tashi ba, ya zauna a kusurwa har aka tashi aji. Washegari da aka kunna shi ya yi ƙarar nan da yake yi kullum in ya kwana, ɓum, hoton ya girgiza, ya fito fari tas. Duk muka zauna gabansa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Yaya ta zauna, ya rine.

Mushe ya kirawo mai gyaran tele daga kasuwa. Allah ya sa ran nan Yaya ba ta zo ba, ƙugunta ya motsa. Mutumin ya buɗe ƙeyar, ya hana mu matsowa, ya ce akwai wutar da ke kwana a ciki ko an cire firiz ɗin lantarki daga bango. Ya zazzage rairayin da zai isa a yi taimama, ya fitar da busasshen tsaka, ya rufe, ya kunna. Fari tas. Ya ce, “Wannan ya fi ni lafiya. Akwai mai ajiye rediyo ko bafal na kiɗa kusa da shi?” Muka ce babu. Ya ce to shi bai ga abin gyara ba, ya hau mashin ɗinsa.

Da ma ya ga wani abu. Da ya ce wata waya ce ta ƙone, da an huta. Amma likita ya ce majinyaci lafiyarsa lau, majinyaci kuwa ba ya tashi ciwo sai mutum ɗaya ta zauna gabansa. Ba sai na faɗa muku kalmar da ta fara yawo ba. Da fari a bayan gyale ake faɗinta. Wata ta tuna jikanta ya yi zazzaɓi bayan ya sha furar. Wata ta tuna akuyarta ta yi ɓari ranar da Yaya ta yaba ta. Wata ma cewa ta yi tun ranar farko ta lura idon matar nan ba ya ƙiftawa daidai. Na ce mata, “Ke da mijinki ya shekara yana shiga gidan maƙwabciya ba ki lura ba, yau kin zama mai lura da ƙiftawar ido?” Aka raba mu.

Magana ta fita daga aji ta isa bakin inji. Masu haƙar zinariya kuwa ba abin da suke tsoro kamar a taɓa musu sa'a. Mutum zai shiga rami mai zurfin rijiya goma yana dariya, amma ka ce masa mayya ta dama abin da zai sha, ka ga ƙato yana ja da baya. Ƙwaryar Yaya ta fara komawa gida yadda ta fita. Fura ta yi tsami, a zuba wa awakina, har awakin suka fara ƙiba ita tana ramewa. Mai injin ya aiko a ce mata ta ɗan matsa gaba, ta matsa, ya sāke aikowa ta ƙara matsawa, har ta tsinci kanta a gindin wani bango inda ba mai wucewa sai jakuna. Ni kaɗai na rage ina sha, ina sha a tsaye a tsakiyar hanya don kowa ya gani. Amma ciki ɗaya ba ya riƙe sana'a.

Shugabar ƙungiyarmu wata Hajiya ce, mijinta na da kamiyoyi, manyan motocin kaya, masu zuwa Dirku. Mace ce da ba ta taɓa ɗaga murya ba, don ba ta taɓa bukata ba. Ta tara mu ta ce iyayen gida suna ƙorafi, wasu sun ce za su cire matansu daga aji. Abu biyu ne: ko mai fura ta bar zuwa, ko a yi abin da aka saba yi.

Abin da aka saba yi kowa ya san shi. In ana zargin mayya ta kama kurwar mutum, kwantar da majinyacin ake yi, ita kuma ta tuɓe ta tsallake shi. In ita ce, ta sake shi ke nan, ya tashi.

Mushe ya cire gilashinsa ya goge. Ya ce, “Medam, don Allah. Mashin ce fa. Ba ta da kurwa.”

Hajiya ta ce, “Ba kai ka ce mana tana da ƙwaƙwalwa ba?”

“Na ce, amma ba irin...”

“Ba kai ka hana a soka mata ɗan abin ajiyar hotuna na wani ba, ka ce za ta ɗauki cuta?”

“Wannan birus ne, Hajiya.”

“To. Abu na da ƙwaƙwalwa, yana ɗaukar cuta, yana suma a yi masa fifita. Kurwa ce kaɗai ka hana masa?”

Ni na miƙe. Na faɗi abin da na faɗa, ba duka zai rubutu ba. Na ce tsohuwa mai jikoki za a tuɓe saboda tele? Na ce duk wadda ta taɓa zanen Yaya sai ta fara tsallake ni. Sai Yaya ta ja gefen rigata ta ce in zauna.

Ta ce a hankali, “Ƙanwata, yi lissafi mana, ke da kika riga ni karatu. In ba ni na kama shi ba, ai ko na kwana ina tsallake shi ba zai warke ba. Su gani da idonsu. Bari in tsallake abinsu in koma bakin inji.”

Na juya maganar na ga ba ta da ƙofa. Ni na san ba mayya ba ce. To tsallake ba zai yi komai ba, tabo zai zauna, bakin kowa ya mutu. Wato abin da muke roƙo ni da ita shi ne Allah ya dawwamar da ciwon ekaran. Na yarda. Ban taɓa yi wa majinyaci muguwar addu'a da zuciya ɗaya ba sai ran nan.

Aka sa rana, da hantsi. Har matan da suka daina zuwa aji tun muna kan baƙin farko sun zo, wata da goyo, wata da gyaɗar ɓarewa. Aka fara sa Yaya ta zauna gaban ekaran don ciwon ya tashi, ya kuwa tashi, ya rine har rabin fuska. Sannan aka cire firiz, aka sauko da shi tabarma. Nan gardama ta ɓarke. Majinyaci dai kwantar da shi ake yi, to wannan ina kansa, ina ƙafarsa? Wasu suka ce gilashin ne fuska, a kwantar da shi rigingine. Aka gwada, ƙeyar ta hana, yana ta mirginawa kamar ɗan maye. Wata ta kawo matashi ta tokare shi. Wata ta ce a juya shi gabas, wata ta ce ai ba gawa ba ce. Wata ta tambaya ko akwatin ma za a haɗa, tunda a can ƙwaƙwalwar take, aka ce a'a, wanda ya nuna ciwo shi ake yi wa magani. An daɗe ana wannan, har jikinsa ya huce sarai. Aka kori Mushe waje, aka sa sakata.

Yaya ta tuɓe. A nan dariya ta ƙare mini. Ta cire kallabi, ta cire riga, ta kwance zane. Aka ce har abin da ke ƙugu, don al'ada ba ta yarda a tsallake da laya ko guru ba. Ta kwance wata ɗamarar tsumma, ta dunƙule kayan duka ta jefa can lungu. Hajiya ta ce a bar mata ɗan tofi, ta faɗe shi kamar wadda ta yi kyautar raƙumi. Na ga haƙarƙarin matar nan ɗaya ɗaya. Na ga tabon ƙuna a damtsenta, da fatar cikin da ta ɗauki ƴaƴa. Mata cike da ɗaki, ba wadda ba ta da irin wannan jikin a ƙarƙashin leshinta, amma suka zuba mata ido. Ekaran ɗin kuwa tudu ne, ƙafarta ba ta kai ba sai da na riƙe mata hannu. Ta ɗaga ƙafa tana cije leɓe saboda ƙugu, ta tsallake.

Mushe daga waje ya ce, “Medam, sa ba? Lafiya dai?”

Aka ce masa ya yi shiru.

Muka mai da ekaran bisa benci. Ni na soka firiz da hannuna, ina cewa a zuci, ya Allah shunayya, ya Allah shunayya. Ya yi ɓum. Hoton ya girgiza.

Fari tas. Kamar nonon da aka tatso yanzu.

Sai wata ta ce, “Ta sake shi.” Wata ta ce a sa ta zauna gabansa a gani. Yaya, da ɗan tofinta, ta zauna, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ko ɗigo. Baƙaƙe a miƙe kamar sojoji. Wata ta rangaɗa guɗa, ban san murnar me ba. Wata tana salati tana ɗaure goyonta. Hajiya ta ce, “To, alhamdu lillahi, ta tuba.” Yaya ta waiwayo ta dube ni. Ba kuka take ba. Kallon mai tambaya ne, kamar ita ma ta fara shakkar kanta, kuma wannan ya fi kuka ciwo.

Na san dai ba za ta ƙara zama tsirara gabansu ba. Na je lungu na kwaso kayanta a ƙirjina, na ratso ta gaban benci zan rufe ta. Sai ɗakin ya ɗauki ihu. Na duba. Ekaran ya rine, launi yana bi na kamar kare.

“Ta ba ta maitar! A fura ta ba ta!”

“Dama kullum tana sha!”

Suka yi ƙofa, sakata ta ƙi zaruwa don mutum biyar ke jan ta lokaci guda. Mushe yana bugu daga waje, su suna bugu daga ciki. Ni kuwa na tsaya. Na san abu ɗaya a duniya tabbas: in ni mayya ce, da akwai mutanen da tuni na gama da su, kuma ga wasunsu nan a ɗakin da ƙibarsu. Na ja da baya, launin ya lafa. Na matso, ya taso. Na ajiye kayan a ƙasa na matso hannu wofi, bai kula ni ba.

Na daka tsawa na ce kowa ta zauna. Muryata ta fi ta Hajiya, wannan ko ita ta sani. Na ɗauki kallabin na kaɗa a gaban gilashi, ba komai. Riga, ba komai. Zane, ba komai. Na ɗauki ɗamarar tsumma, sai na ji nauyi. Kafin ta isa gilashin launuka sun fara juyawa kamar ana dama su da ludayi. Na kwance ƙullin. Wani baƙin ƙarfe ne zagayayye mai rami a tsaka, kaurinsa ya kai waina, ya yi gemu da garin ƙarfe, da allura biyu da wani ɗan makulli manne a jikinsa.

Na ce, “Yaya, mene ne wannan?”

Ta ce, “Maganin ƙugu ne.”

Ashe maganaɗisu ne, na cikin bafal, lasifikar wata mota. Masu zinariya da shi suke tsince baƙin yashi daga garin da suka wanke. Ɗanta ya bar shi a ɗaki, ita kuma ta ga yadda yake zuƙo ƙarfe daga cikin ƙasa, ta ce abin da ya iya wannan ai zai iya zuƙo ciwo daga ƙashi. Tun ran nan take ɗaure da shi.

Na ce, “Yana zuƙowa kuwa?”

Ta ce, “Wata rana.”

Na ɗaga shi sama na ce to ga mayyarku, ku gaishe ta. Na zaci magana ta ƙare. Ban san mutanena ba. Mai lura da ƙiftawar idon nan ta leƙo daga bayan wata ta ce, “Ƙanƙarar maita ce. Kakata ta ce baƙa ce haka. Amayo ta ta yi ta ɗaure a ƙugu.” Nan take kawuna suka fara gyaɗawa. Wato da ba a ga komai ba mayya ce, da aka ga abu kuma ga shaida.

Hajiya ta miƙe ta ce ita dai ta ga abin da ta gani, za ta je ta yi shawara da manya. Ta jefa salularta cikin sak, jakarta ta hannu, bakin sak ɗin ya rufe kansa, ƙwas. Ƙarar nan ce ta tsaya mini a kunne. Ba zip, ba maɓalli, baki ya kama baki shi kaɗai. Na ce a raina, me ke jan wannan? Ban nemi izini ba. Na fizge sak ɗin daga hammatarta na manna bakinsa a gilashin, can sama inda yake fari. Wani tabo shunayya ya fito, ƙarami, kamar an ɗiga shuni.

Na ɗaga, na sāke mannawa a wani wurin. Ya sāke fitowa.

Hajiya ta ce, “Ke! Daga Makka na zo da shi!”

Na ce, “Allah ya karɓi ibada. Tuɓe.”

“Me kika ce?”

“Ekaran ya nuna ki. A kwantar da shi, a kawo matashi. Za mu bar miki ɗan tofi.”

Wata ta yi dariya ta mai da ita tari. Na bi su ɗaya ɗaya. Salular wannan, in an manna wajen da murya ke fita, ta ɗan rina shi. Abin wuyan waccan mai maƙalewa da kansa ya rina shi. Mai maganar ƙanƙara ta zauna a kan jakarta ta ce ita ba a taɓa mata kaya. Aka buɗe wa Mushe, ya shigo ya ga ƙarfen, ya dafe kai ya fara dariya, sai ya ga Yaya tana ɗaura zane, ya bar dariyar. Daga baya da mai gyaran tele ya ji labari cewa ya yi ai shi ya tambaya. Na ce rediyo ka tambaya, ba ka tambayi ƙugu ba. Shi ya gaya mana cewa ɓum ɗin nan wanke kansa yake yi, in an kashe shi ya huce. Gardamar kai da ƙafa ce ta warkar da shi.

Hajiya ta ce to magana ta mutu, kowa ta riƙe bakinta. Na ce ba ta mutu ba. A ɗaki ta mutu, a bakin inji tana nan da ranta, kuma bakunan da ke ɗakin nan su suka kai ta can. Na ce gobe da hantsi Hajiya za ta zo ta sha fura a gaban kowa. In ba haka ba, ni zan zaga gari da labarin sak, kuma ni in na ba da labari ba na rage masa gishiri. Ta ce tana da ciwon suga. Na ce za a dama mata ba suga.

Ta zo. Motar gidansu ta ajiye ta, da leshi da turare, a cikin ƙurar inji. Na ɗauko ƙwaryar Yaya daga gindin bango na dire ta a wurinta na da, a ƙofa. Ƴan inji suka rage wuta don su ji. Yaya ta dama, ta miƙa mata ludayi. Hajiya ta kai baki kamar mai shan maɗaci. Yaya ta ce, “Shanye, ƴar nan, ba a mai da saura.” Ta shanye. Wani ƙato mai rawani, fuska duk farar ƙura, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi dai zai ga yadda Hajiya ta kwana tukuna.

Abin da ban hango ba ke nan. Gari duka ya koma gadin lafiyar Hajiya. Ta kwana lafiya, mutum biyu suka sha fura. Ta ƙara kwana, aka ƙaru. Ana haka sai mura ta kama ta, murar da ke kama kowa in sanyi ya shigo. Labari ya iso ni ina tsakar wanki. Na bar kayan a ruwa, na dafa citta da kanumfari da lemun tsami na tafi gidanta. Na same ta kwance ta ja bargo. Na ce tashi. Ta ce jikinta ciwo yake. Na ce ya yi ciwonsa a tsaye. Na ɗura mata, na shafa mata man zafi, na zaɓo mata leshi mai haske, na sa mata kwalli da hannuna, na zaga da ita kasuwar dabino muna gaisawa da mutane. In tari ya taso mata sai in yi nawa da ƙarfi in rufe nata.

Yaya tana nan a ƙofar inji, ƙwaryarta tana ƙarewa kafin azahar. Akwai gidajen da har yau ba sa aiken yaransu wajenta, na san su, su ma sun san na san su. Hajiya kuwa, matar da ko gaisuwarta ba na so, ba ta da mai kula da ita kamar ni. Na san ranar da take zuwa awon suga. Na hana mai aikinta sa mata gishiri da yawa. Da ta ce za ta bi kamiyo zuwa Dirku biki, ni na je na sami mijinta na ce hanyar nan ba ta mai shekarunta ba ce. Ranar da Allah zai ɗauke ta, ina roƙon ya ɗauke ta da abin da kowa zai gani da idonsa, kuma ya kasance ta daɗe rabonta da fura.